Yadda za ka auna hawan jini ba tare da adirenalin ya ruɗe ka ba

Tsoro, gaggawa ko zafin ciwo kan sa ƙullutun da ke saman ƙoda su zuba adirenalin da noradirenalin, sinadaran da ke shirya jiki don fuskantar haɗari, cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, awo ya haura.

Don haka minti 30 kafin awo ka guji sigari, kofi da motsa jiki. Yi fitsari tukuna, domin cikar mafitsara ma tana ɗaga lambar. Zauna minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, damtse daidai saitin zuciya, ban da magana. Kula da maɗaurin damtse na na'urar awon: in ya yi maka kaɗan, lambar za ta zarce gaskiya. Auna sau 2, da tazarar minti 1, ka rubuta duka.