Bel ɗin fata da laimar gidajen haya a Manchester: shawara ga sababbin zuwa

Kusan duk ɗan'uwan da ya sauka a garin nan daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram yakan zo da bel ɗin fata biyu ko uku a cikin akwatinsa, kuma yana da dalilin alfahari da su. Fatar jan akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, domin a da ta can fatake suke ƙetarar da ita bayan sun ratsa Sahara, kuma har yau majeman Kano suna jima da bagaruwa, dukawa suna ɗinki da hannu. Abin da ke damuna shi ne, kowace shekara sai na ga sabon zuwa ya lalata wannan kaya kafin hunturu na farko ya wuce, ta hanyar da ni ma na lalata nawa, alhali an faɗa masa tun ranar da ya sauka.

Shigowa da bel ba ta da wahala idan na fatar saniya ne ko akuya. Na fatar kada ko mesa kuwa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, kuma jami'an kwastan suna iya karɓe shi idan babu takardar izini, don haka a bar shi a gida.

Ajiyar yau da kullum ma mai sauƙi ce. A zare bel daga wando kowane dare, a rataye shi ta ƙarfensa ya sauko miƙe, ko a naɗe shi sako-sako ba tare da an karya shi ba. Kada a sa shi a leda, gara tsohuwar rigar matashin kai ta auduga. Idan ruwan sama ya jiƙa shi, a goge da tsumma a bar shi ya sha iskar ɗaki, kada a ɗora shi kan hita, domin zafin nan yana tsotse man fata har ta ƙandare ta tsage daidai hudar da aka fi amfani da ita. Sau biyu a shekara a shafa masa ɗan man kaɗanya ƙanƙani, tare da sanin cewa zai ƙara masa duhu. Man gyaɗa da man shanu ba na wannan aiki ba ne, suna yin hamami.

Babbar matsalar ita ce laima, kuma nan ne mutanenmu ba sa jin magana. A gida, abin da muke tsoro shi ne hunturu ya busar da fata. A nan kuwa hunturun ne lokacin danshi: tsofaffin gidajen bulo suna sanyi, tururin girki da na wanka da na wankin da aka shanya a ɗaki suna kwanciya a bangon waje, funfuna kuma tana samun wurin zama da zarar laimar iska ta daɗe a sama da kashi 70 cikin ɗari. Fata tana cikin abubuwan da take fara kamawa.

Ɗakin da na fara haya a unguwar Longsight an yi masa sabon fenti, sai na ɗauka alamar kulawa ce. Na sa bel huɗu a leda, ciki har da na mahaifina, Allah ya jiƙansa, na tura akwatin ya jingina da bangon taga. Da na buɗe a watan Janairu, na tarar da fari da kore sun lulluɓe su, bayan wadirof kuma ya yi baƙi tun daga ƙasa. Na kira mai gidan, ya ce laifina ne, wai ba na buɗe taga. Da zan tashi ya cire kuɗin fenti daga kuɗin ajiyata, ni kuwa ba ni da hoto ko ɗaya na ranar da na shiga, kuma duk koke-koken da na yi masa da baki na yi su. Bel uku sun farfaɗo. Na mahaifina funfuna ta ci shi har ciki, bai gyaru ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. A Ingila dole ne mai gida ya sanya kuɗin ajiyar ɗan haya a cikin tsarin da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, kuma ana iya ƙalubalantar abin da ya cire kyauta ta wannan tsarin, sai dai wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan ba shi da wannan kariya. Dokar 2019 ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar mako biyar a galibin gidaje, ta 2018 kuma ta wajabta gida ya dace da zaman ɗan'adam, laima na cikin abin da ake dubawa. Idan mai gida ya yi kunnen uwar shegu, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma yana zuwa duba gida. Ba a wasa da wannan magana tun rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, a Rochdale a Disamba 2020, wadda bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce ta jawo.

Saboda haka ranar duba ɗaki, ku janye wadirof ku leƙa bayansa, ku shinshina cikinsa, ku ɗauki hoto, kuma duk ƙorafi ku tura shi a rubuce. Jama'armu a nan ba ta rowar taimako. Bayan sallar Juma'a za ku sami wanda zai raka ku duba gida, amma wasu sai sun sa hannu a takarda suke tunawa da mu.

Bayan an shiga, a bar tazarar tafin hannu tsakanin wadirof da bangon waje, a riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya, a jefa ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi cikin durowa. Idan an ga ɗigon fari a jikin bel, a fita da shi waje a kakkaɓe da burushi mai laushi, a goge da ruwan khal (vinegar) da aka sirka rabi da rabi da ruwa, a bar shi ya bushe sosai kafin a shafa mai. Amma kafin a goge, a ɗauki hotonsa tare da bangon da yake kusa da shi, a aika wa mai gida a ranar.