Yadda Ake Gyara Ruwan Sha Da Ƙwayar Zogale Idan Ya Zo Da Laka

A Gombe, wanda famfonsa ke kawo ruwan madatsar Dadin Kowa ya huta. Sauranmu sai rijiya ko ɗan ga-ruwa, kuma da damina ta kankama, jarkar da za a juye miki a randa sai ki ga ruwan ja kamar an dama kunun kanwa. Ga yadda nake yi a gidana a Pantami.

Ki fara da tace shi da farin ƙyalle mai tsabta, ki ninka shi biyu ko huɗu a bakin bokiti. Wannan zai tare ciyayi da tsutsotsi, amma laka za ta wuce.

Lakar ce aikin zogale. Ki nemi ƙwaya wadda ta bushe a kan bishiya, ba ɗanya ba. Ki ɓare baƙin ɓawon da fukafukansa, ki ɗauki farin ƙwallon ciki. Ƙwaya 1 ga lita 1 ake lissafawa, wato kamar 20 ga bokiti mai lita 20. In ruwan bai yi kauri sosai ba a rage. Ki daka su lukui, amma don Allah ba a turmin da aka daka yaji ba, na taɓa yin wannan kuskuren, yara suka ƙi shan ruwan. Ki zuba garin a ƙaramar gora da ruwa mai kyau kaɗan, ki jijjiga har ya yi fari kamar madara, ki tace shi cikin bokitin.

Juyawar ce mutane ke rainawa. Ki juya da sauri kamar minti 1, sannan ki koma juyawa a hankali na kimanin minti 5 zuwa 10. Akwai wani sinadari a ƙwayar da ke kama ƙurar laka yana dunƙule ta, kuma juyawar sannu ce ke ba ta damar haɗuwa ta yi nauyi. Sai ki rufe, kada a taɓa, awa 1 zuwa 2. In kin dawo za ki tarar laka ta kwanta a gindi. Ki tsiyaye na sama a hankali, guntun ƙasan a ba shuka.

To, Hajiya, kada hasken ruwan ya yaudare ki. Ƙwayar cutar amai da gudawa ba a ganinta da ido, zogale kuma rage ta yake yi, ba ya gamawa da ita. Ki ɗora ruwan a wuta, in ya tafasa yana ɓulɓula ki bar shi minti 1 cur. In itace ko gawayi ya yi tsada, ki sa WaterGuard, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, ki jira minti 30. Ki gyara na yini ɗaya kawai, domin ruwan zogale ba ya son ajiya.

In rijiyar gida ce, a duba tazararta da masai. Masana na so ta kai mita 30, abin da gidajenmu da yawa ba su da filinsa. Gugan ma a rataye shi, a daina yar da shi a ƙasa inda awaki ke bi.

Saura randa. A wanke ta, a rufe da murfi, moɗa ɗaya mai dogon hannu a ɗaure ta da igiya a gefe. Da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki, ko da maigida ne ya dawo daga gona da ƙishi.