Babi na Shida: Karanta Babbar Lamba da Gane Halinta

Darasi na Ɗaya: Waƙafi da Sifili

Iyayena da yayyena, ga lambarmu ta yau: 204060. Kada tsawonta ya razana ku. Wanda ke lissafa kuɗin buhunan gero da ka a kasuwar Mai'aduwa, wannan ba za ta gagare shi ba.

Ku ɗora yatsa a kan lambar ƙarshe ta hannun dama, hannun cin tuwo. Ku ƙirga guda uku zuwa hagu: 0, 6, 0. Nan za ku sa waƙafi, wato wannan ɗan digo mai jela (,). Ta zama 204,060. Daga dama ake ƙirgawa, kamar yadda ake fara rubutun allo. Karantawa kuwa daga hagu ne. Kafin waƙafi dubbai ne: dubu ɗari biyu da huɗu. Bayansa 060, sittin ke nan.

Ku sake. Yatsa a dama, ƙirga uku, waƙafi. Ba laifi in hannu ya yi rawa, ku goge ku sake. Dama, uku, waƙafi.

To, sai sifili. Shi kaɗai ba ya ɗauke da komai, amma yana tsare gurbi, kamar darduma da mutum ya shimfiɗa a sahu ranar Juma'a ya tafi alwala. Babu kowa a kanta, amma wurin da mai shi. Wani dattijo a ajinmu ya tsallake sifilin farko ya rubuta 24,060. Da kuɗin shanu ne, naira 180,000 ta salwanta ke nan.

Haba jama'a! Mako uku ina faɗin abu guda, har yanzu ina ganin masu ƙirgawa daga hagu. Littafin ba na ajiya a ƙarƙashin katifa ba ne. Daga dama, don Allah. Uku. Waƙafi. Kuma kada a zubar da sifili ko ɗaya.

Darasi na Biyu: Cika ko Mara

Lambar ƙarshe kawai za ku duba. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, cika ce, mutum biyu za su raba ba saura. Sauran duk mara ne. Tamu ta ƙare da 0, don haka cika ce: kowa 102,030. Duk mai ƙarewa da 0 tana rabuwa gida biyar da gida goma.

Rabon mutum uku fa? Ku tara: 2+0+4+0+6+0, ya ba da 12. Tunda 12 na rabuwa uku, ita ma za ta rabu: kowa 68,020.

Darasi na Uku: Marasa Rabuwa

Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai gida ɗaya ko gidan kansu, irin su 7, 11 da 13. Tamu ba ta cikinsu.

Aikin gida: ku sa wa 305010 waƙafi, ku faɗi ko cika ce ko mara.