Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Irin Masara Mai Goyo a Ƙasa

Manoman kwarin Binuwai, daga Garwa zuwa Lagdo a arewacin Kamaru, sun san ɓarnar da iskar hadari take yi wa masarar da ta yi goyo can sama, domin nauyin zangarniya yana rinjayar kara har ya kwanta, gara da danshi su ci rabonsu. Saboda haka neman iri mai goyo a ƙasa dabara ce mai kyau, sai dai ana yawan ɓata ta tun daga wurin zaɓe.

Kuskure mafi girma shi ne zaɓen iri bayan an tara amfani a gida. Zangarniyar da aka riga aka karya ba ta nuna gaɓar da ta fito, kuma mai zaɓe yakan ɗauki manya, waɗanda galibinsu daga dogayen karare suke, sai ya ƙara wa irinsa tsawo bai sani ba. Gyaran shi ne a shiga gona kafin girbi, a ɗaura ƙyalle a kan karan da yake tsaye da ƙarfi, wanda goyonsa yake wajen tsakiyarsa ko ƙasa kaɗan, a kuma bar kunyoyin gefe, tunda sararin da suka samu yana ɓoye ainihin halinsu.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, suna bin mafi ƙasa kowace shekara. Tsayin goyo yana tafiya tare da tsawon kara da lokacin nuna, don haka idan aka matsa, masarar takan gajarce, ta nuna da wuri, amfani ya ragu, zangarniya kuma ta kusanci ɓera da ciyawa. A ganina, wannan asarar ta fi ta kwanciyar kara ciwo, domin a hankali take shigowa.

Ɗibar iri daga karare goma ko ashirin yana raunana shi. A tara daga 200 ko fiye. Iska ce take ɗaukar garin furen masara, saboda haka gonar iri tana bukatar nisan akalla mita 200 daga wata masarar.

Wannan zaɓe yana yin amfani ne ga irin da ake iya maimaita shukawa, kamar CMS 8501 da CMS 9015 na IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru. Iri mai aure kuwa, wato wanda aka samar ta hanyar haɗa iri daban-daban, 'ya'yansa rarrabuwa suke yi, sai a sayi sabo kowace damina.