Darasi na 7: Rage wa jariri zafin allura

Jariri yana jin zafi tun ranar da aka haife shi. A da, har likitocin Turai da Amurka suna zaton ba ya ji sosai, sai wajen shekarar 1987 bincike ya nuna ba haka ba ne.

A kwanakin farko ana yi masa allurar BCG ta tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna a baki. Idan ya kai sati 6, da 10, da 14, a koma awo a yi wasu. Bakwaini kuwa sau da yawa ana huda masa diddige a ɗebi jini. Duk waɗannan ba a fasa su. Amma akwai abin rage zafin, kuma ba a farmasi ake sayen shi ba.

Babban magani shi ne nono. Ki zauna, ki rungume shi, ki ba shi mama kamar minti 2 kafin allura. Kada ki cire lokacin da ake yi, ki bari ya ci gaba har ya lafa. Zaƙin nono, da tsotso, da ɗumin jikinki, su ke kwantar masa da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da wannan shawara a 2015. Wasu na tsoron ya ƙware, ko ya ƙi mama daga baya. Ba ya ƙi.

A nan Tawa abin da ya fi hana mu shi ne kunyar ɗan fari. Mu karanta wannan hira:

Ungozomar likita: Inna, miƙa wa uwar yaron ta ba shi mama.
Kaka: Haba ɗiyata, na fari ne fa. Gaban mutane?
Ungozoma: To ta juya baya ta rufa da gyale. Ke kuma ki zauna kusa da ita.

Kunya ado ce, amma a wannan wurin jinjiri ke biyan kuɗinta da kuka.

Idan ba ya iya tsotso, a cire masa riga a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufa musu zane, minti 10 zuwa 15 kafin a taɓa shi. Wannan dabara ana kiranta kangaru, sunan wata dabba mai ɗaukar ɗanta a jakar cikinta; a Bogota ta ƙasar Kolambiya aka fara ta a 1978, saboda bakwaini. Uba ma yana iya yi, kaka ma haka.

Wani lokaci lokotoro kan ɗiga masa ruwan sukari na musamman a harshe. Wannan aikinsu ne, kada ki haɗa naki a gida. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba.

Bayan allura kada a murza wurin, kada a gasa da ruwan zafi. Wurin BCG yakan yi ɗan ƙurji ya warke da kansa, ba a matsa shi.

Aikin aji

Ku rubuta: nono, allura, awo, fata da fata.
Minti nawa kafin allura ake fara ba da mama?
Biyu-biyu, ɗaya uwa ɗaya kaka, ku gwada yadda za ki roƙi surukarki ta miƙo miki jaririn.