Idan ka je Tunisiya: yadda ake ɗanɗana man zaitun a ƙauye

Mu nan Garwa da Marwa har Njamena man zaitun magani ne kawai a wurinmu, ɗan ƙaramin kwalba daga shagon masu habbatus sauda, a yi tofi a shafa, shikenan. Ni ma haka na ɗauke shi sai da na raka yayata asibiti a Sfax, wani birni na Tunisiya, ranar da muka samu sarari muka fita ƙauye, a nan na gane ashe mafi yawan abin da muke saye ya riga ya tsufa. To tunda mutanenmu suna yawan zuwa can jinya ko karatu, ga yadda za ka yi.

Lokaci tukuna. Ana tsinkar zaitun daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, in ka je da zafi bishiyoyi kawai za ka gani. Ka shiga luwaj, motar haya ce irin ta tasha da sai ta cika take tashi, ka ce a kai ka "ma'asara", wato wurin tatsar mai. Matatsu masu inji suna ko'ina kewayen Sfax, amma in kana da kwana biyu ka gangara kudu wajen Tatawin, a ƙauyukan dutse irin su Shenini har yanzu akwai tsohuwar matatsa da raƙumi ke juya dutsen niƙa. In ta hanyar Susa ka biyo, tsaya El Jem ka ga katon filin wasan Rumawa, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi tun 1979.

Safiyar da za ka ɗanɗana kar ka ci goro, kar ka sha kofi ko taba, kuma dan Allah hajiya a bar humra da turaren wuta a masauki, in ba haka ba turarenki kawai za ki ji. Zuba kamar cokali ɗaya a ƙaramin kofin gilashi, ka rufe bakin da tafin hannu, ɗayan hannun ya riƙe gindin har man ya ɗan yi ɗumi, masana suna kai shi digiri 28 kuma kofinsu shuɗi ne don kar kala ta ruɗe su, saboda kore ko rawaya ba shi ke nuna kyau ba. Buɗe ka shinshina. Mai kyau ƙanshin ɗanyar ciyawa yake ko ganyen tumatir. In ka ji warin tsohuwar gyaɗa da ta daɗe a buhu ko warin rima, ajiye shi, hancin da iyayenmu mata ke gane man shanu da shi a kasuwa shi ne dai zai yi maka aiki a nan.

Sai ka kurɓa kaɗan, kar ka haɗiye, ka ja iska ta tsakanin haƙora kamar mai shan kunu mai zafi, ya zagaye baki. Za ka ji ɗaci, in ka haɗiye kuma maƙaƙi ya kama maƙogwaro har ka yi tari. Wallahi a nan mutanenmu ke kuskure su ce ya lalace, alhali wannan shi ne alamar sabon mai! Man irin zaitun da ake kira Shamlali na yankin Sfax yana da sauƙi a baki, Shatwi na arewa ya fi ɗaci da yaji, gwada duka biyun, tsakaninsu ka ci ɗan tuffa ka sha ruwa.

Bayan nan kar ka ƙi abincin masu gida. Burodin tabuna mai zafi a dangwala a mai da harisa, yajinsu ne, sai basisa, garin sha'ir ko alkama da aka soya aka kwaɓa da man zaitun, ni dakuwa ta tuna min. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton matan da ke tsinka, kuma ka sayi ko lita ɗaya a hannunsu.

Wanda za ka taho da shi ka duba an rubuta "extra vierge", wato mai lamba ɗaya, tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba, ka duba shekarar girbi, ka zaɓi gwangwani ko kwalba mai duhu. Sa shi a babbar jaka, ba a shiga da shi jirgi a hannu. In ka iso gida kar ka ajiye shi kusa da murhu ko taga, da zafin Garwa na watan Afrilu nan da nan zai juya, kuma kar ka yi ta adana shi sai baƙi sun zo, ku zuba kan dafaffen wake ku cinye cikin 'yan watanni.