Yadda mai kimanta kadara zai tsaya kan farashin gaskiya idan banki ya matsa masa

Matsin ba ya zuwa da sunan zamba. Jami'in bashi ne zai kira ka cikin fara'a ya ce, "Yallaɓai, gidan nan na unguwar Tumfure a Gombe muna so ya kai miliyan 40, a duba mana." Tun ba ka ga gida ba an riga an yanka masa farashi. Banki ba ya bayar da bashi sai wani kaso na darajar abin da aka jinginar, shi kuma jami'in akwai adadin bashin da ake so ya fitar. In gidan na miliyan 28 ne, ciniki ya watse. In ka rubuta 40, kuɗi sun fita, amma ranar da mai bashi ya gaza biya aka yi gwanjon gidan bai rufe kuɗin ba, sa hannunka da hatiminka za a gani a rahoton, ba na jami'in ba.

Kariyarka ta farko takardar umarni ce. Kada ka fita aiki sai banki ya rubuto dalilin kimantawar, da kadarar da ake nufi, da irin darajar da yake so: ta kasuwa, ko ta sayarwar gaggawa, wadda a al'adar aikin ake ɗauka kusan kashi biyu cikin uku na ta kasuwa. A yanke ladanka tun a nan. Duk wanda ya ce "sai bashi ya fita a biya ka" ya mai da kai abokin cinikinsa ne, ka ƙi.

Sannan ka je da ƙafarka. Ka auna ginin, ka ɗauki hotuna masu kwanan wata, ka gwada lambobin duwatsun safiyo da abin da ke kan taswirar filin, domin tsohuwar dabara ce a nuna maka gida mai kyau alhali takardun na wani fili ne. A Gombe ka kula da kusancin gida da kwazazzabo, saboda zaizayar ƙasa na karya farashi komai kyan gini. Ka yi bincike a GOGIS, hukumar da ke riƙe bayanan filaye a jihar Gombe: sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an taɓa jinginar da ita, shekaru nawa suka rage a wa'adinta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a jinginar da filin da ya bayar, don haka abin da ka gano game da takardu ka rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Inda aka fi kayar da mutane shi ne wajen gidajen kwatance. Ka samo aƙalla uku da aka sayar da gaske a unguwar cikin shekara guda. Kuɗin da dillali ya sa wa gida tayi ne, ba ciniki ba. Wanda ke rubuce a yarjejeniya ma wani lokaci an rage shi don gudun kuɗin rajista, sai ka tabbatar daga mai saye, ko lauya, ko mai unguwar da ya shaida cinikin. Mai gida zai rantse ya kashe miliyan 45 a tayil da silin, kuma wataƙila gaskiya ne, amma kasuwa ba ta biyan abin da aka kashe, tana biyan abin da masu saye a unguwar za su iya bayarwa.

Idan aka ce ka ƙara, kada ka yi gardama a waya. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in akwai cinikin da ban gani ba ko kuskure a awo, a turo a rubuce, zan sake dubawa." Banki na da haƙƙin neman gyara a kan waɗannan biyun, amma "abokin hulɗarmu ne babba" ba hujja ba ce. Bayan kiran ka aika saƙon imel da ke maimaita abin da aka nema. Yawanci maganar a nan take mutuwa, don ba mai son a ga buƙatar a rubuce.

Ka sa hannu a kowane shafi, ka miƙa rahoton kai tsaye ga banki, ba ta hannun mai neman bashi ba, don ana sauya shafin farashi a hanya. Hatiminka kuwa ko ga abokin aiki kada ka ara.

In matsin ya zama barazanar cire ka daga jerin masu yi wa banki aiki, ka rubuta wa sashen bin ƙa'ida na bankin, ka sanar da reshen jiha na NIESV, ƙungiyar masu kimanta kadara ta Najeriya. Hukumar ESVARBON mai yi wa masu kimanta kadara rajista, wadda dokar 1975 ta kafa, tana iya soke rajistar wanda ya yi rahoton ƙarya, EFCC kuma tana da ofis a Gombe. Barazanar cirewa daga jerin ta fi cin wanda banki ɗaya ne abincinsa, shi ya sa ya kamata ofis ya riƙe wasu ayyukan: kula da gidajen haya, kimanta diyya, da kimanta kadarori don rabon gado.